Lalle: shinge mai rai, fure mai ƙamshi

Wanda ya bi ta garakan Wacha ko na Guci zai ga rake da rogo da kayan miya, zai kuma ga shingen ƙaya kewaye da kusan kowace garka. Ƙayar nan daga daji ake saro ta. Gara ta ci, mata su ɗiba su hura wuta, baɗi kuma a koma wa itatuwa da gatari. Tun da gomnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa noman rani bayan farin 1984 garake suka yawaita a ƙasar Magarya da Dungas, saran ƙaya ma ya yawaita tare da su.

Alhali kuwa akwai lalle. Ɗan itace ne da ke kai mita biyu ko fiye, idan ya tsufa rassansa kan yi tsini kamar ƙaya, kuma yana jimre wa fari da zarar saiwarsa ta kama. Abin da ba ya so shi ne sanyi. Kada manomi ya dasa shi cikin hunturu, ya jira faɗuwar damina. Ana iya yanko reshe a kafa cikin ƙasa mai laima. Mai son shuka iri kuwa sai ya jiƙa shi kwanaki cikin ruwa, domin ɓawonsa na da tauri. A dasa kusa da kusa, a bar tsohon shinge ya kare shi daga awaki har ya yi ƙarfi.

Daga nan manomi na da zaɓi. Ganyen ƙunshi ana yankarsa kafin fure ya fito, a shanya a inuwa, don rana tana ɓata launinsa. Inda ake ban ruwa akan yanka sau biyu ko uku a shekara. Amma wanda ya aske shingensa kaf ba zai taɓa jin ƙamshin furen ba, ƙananan furanni farare da ke cika garka da maraice. A Indiya har turare ake tatsowa daga gare su. A ganinmu, a bar gindi uku ko huɗu kusa da rijiya su yi fure, su kuma ba da iri.

Kasuwa ba ta da wuya: babu biki, babu salla, sai da lalle, ga Najeriya kuma dab da Magarya. Jama'a, mai son dashe ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji na gundumarsa tun kafin ruwan farko.