Abin Da Za Ka Yi Idan Kwamfutarka Ta Ƙi Mutuwa

Jama'a, wannan bayani domin masu aiki da Linux ne, wato manhajar kyauta wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 1991. Wani lokaci akan ba kwamfuta umarnin kashewa, amma sai ta tsaya cik. Ga matakan da ya kamata a bi:

1. Ka dakata tukuna. Ubuntu da makamantanta sukan jira daƙiƙa 90 kafin su tilasta wa aikin da ya maƙale ya tsaya. Danna Esc domin ka ga sunansa.

2. Bayan ka sake kunnawa, rubuta journalctl -b -1 -r ka karanta rahoton kashewar da ta gabata.

3. Cire firinta da filashi, sannan ka gwada sudo systemctl poweroff.

4. Idan allo ya yi duhu amma fanka tana juyawa, galibi laifin ACPI ne, tsarin da ke yanke wuta. Sabunta Linux da BIOS.

5. Idan kuwa da kanta take mutuwa, zargi zafi. Mazauna Shagari Low Cost a Yola sun san yadda zafi kan haura digiri 40 a Maris da Afrilu. Share ƙurar hunturu daga fanka.

GARGAƊI: Kada ka zare filogi, ko ka danne maɓallin wuta, sai in babu makawa, domin aikin shekara kan salwanta a daƙiƙa guda. Ka riƙa ajiye kwafin takardunka a wani wuri dabam. Rigakafi ya fi magani.