Ko Kun Sani?

Bel ɗin taimin ba ya sallama kafin ya tsinke. Roba ce mai haƙora, a ɓoye cikin murfi a gefen injin, ita ke sa bawul ya buɗe ya rufe daidai da hawa da saukar fistin. A injuna da yawa, idan ya tsinke mota na tafiya, fistin ne zai doki bawul ya lanƙwasa shi, aikin ƴan awowi ya koma sauke kan inji.

Kamfanin Honda ya sa wa Accord mai V6 iyakar kilomita 168,000 ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa. Amma inda zafi ke yawan wuce digiri 43, ya ce a sauya a kilomita 100,000. Mai mota a Sakkwato ko Maiduguri ya san da wa ake.

Ba kowace mota ke da bel ɗin ba: Camry mai silinda huɗu daga 2002 sarƙa take amfani da ita. In kun sayi ƴar Kwatano mai bel babu takardar gyara, kada ku dogara da lambar mita. Ku sauya bel ɗin, a haɗa da famfon ruwa.