Bindigar Kaka a Bayan Kabad

 Yau za mu leƙa gidajen Kanada, Amurka da Ostareliya, inda wani irin gado yake yawan ɗaure wa magada kai.

Tsoho ya rasu, an yi makoki an watse, 'ya'ya da jikoki sun shiga ɗakinsa suna tattara kaya. Can bayan kabad sai ga wani dogon abu naɗe cikin bargo. Ana warwarewa, warin tsohon mai ya bugi hanci. Bindiga ce, katakonta ya yi baƙi don daɗewa, igiyar ratayawa ta bushe ƙamas. Nan take tambaya biyu take zuwa bakin kowa: wace iri ce, kuma nawa za ta yi?

A waɗannan ƙasashe, sau da yawa bindigar Lee-Enfield ce. Sojojin Birtaniya sun fara riƙe ta a 1895, kuma ba su ajiye ta ba sai a 1957. Sunanta haɗin biyu ne: James Paris Lee, wanda ya ƙirƙiro sakatarta da gidan harsashinta, da Enfield, garin da masana'antar makaman gwamnati take a wancan lokaci, a arewacin Landan. Tana cin harsashi goma, mai lamba .303. An ƙera miliyoyinta, shi ya sa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta yi araha ƙwarai, har 'yan kasuwar Amurka suna aika wa masu saye da ita ta gidan waya kafin dokar 1968 ta rufe wannan ƙofa.

Mu ma ba baƙuwarmu ba ce. Ita kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka saɓa a kafaɗa a dazukan Bama a 1944 da 1945.

To, yaya ake gane ta? Kafin komai, masana wannan fage sukan ce a ɗauka akwai harsashi a ciki har sai wanda ya san aikin ya duba ya tabbatar babu. Bayan nan sai a kai ta wurin haske, domin duk tarihinta a rubuce yake a jikin ƙarfe.

A duba zoben ƙarfen da ya haɗa ƙota da gangar jiki, daidai bayan kunama. Idan samfurin Yaƙin Duniya na Ɗaya ce, wato Mark III da aka fara a 1907, a nan za a ga hoton kambin sarauta, ƙarƙashinsa haruffan sarkin zamanin, G.R. na Sarki George, sai sunan masana'anta da shekarar ƙira. Idan an ga ɗan tauraro bayan lambar, to samfurin da aka ɓullo da shi lokacin yaƙi ne, sa'ad da aka rage mata wasu sassa don aiki ya yi sauri. Ita kuwa No. 4 ta Yaƙi na Biyu, rubutunta yana gefen hagu. Akwai ta Fazakerley kusa da Libaful, akwai ta Maltby, akwai ta Long Branch kusa da Toronto. Wadda kamfanin Savage na Amurka ya ƙera wa Birtaniya tana ɗauke da U.S. PROPERTY, kuma wannan rubutu yakan sa magada su zaci sojan Amurka ne ya riƙe ta. Lithgow na nufin Ostareliya, Ishapore kuma Indiya. Ɗan hoton kibiya mai ƙafa uku da ake gani nan da can, shi ne tambarin da ke cewa kayan gwamnatin Birtaniya ne.

Akwai haruffa biyu da suka fi duk sauran muhimmanci: D.P. Duk bindigar da aka buga wa su, sojoji da kansu sun yanke mata hukuncin cewa ta fareti ce kawai, ba a harbi da ita. Wanda ya sa mata harsashi ya sayar da ransa da hannunsa. F.T.R. kuwa alama ce an mayar da ita masana'anta an yi mata gyaran gaba ɗaya.

Sai maganar jabu. Maƙeran yankin Khyber, tsakanin Pakistan da Afganistan, sun daɗe suna kwaikwayon Lee-Enfield da hannu, har da tambarinta. Abin da yake tona musu asiri abin ban sha'awa ne: sai ka ga haruffan Sarauniya Victoria, V.R., a kan bindiga mai shekarar da ta wuce 1901, alhali a wannan shekara sarauniyar ta rasu. Wani lokacin kuma harafin N na Enfield a juye yake. Ƙarfensu ba abin dogaro ba ne.

Yanzu ga batun kuɗi, kuma a nan ne magada suka fi yi wa kansu ɓarna. Mai tara tsofaffin bindigogi, abin da yake nema shi ne kayan da suka zauna yadda suka fito daga hannun soja. Zai duba lambar da ke gangar jiki, ya duba ta sakata, ya ga ko sun zo ɗaya. Zai haska fitila cikin bututu ya ga ko tsatsa ta cinye layukan ciki, domin tsofaffin harsasan soja suna barin gishiri mai cin ƙarfe idan ba a wanke ba. Sannan ya dubi katako. Mafarauta da yawa a shekarun 1950 da 1960 sun datse katakon gaba don bindigar ta yi sauƙin ɗauka a daji, wasu har sun huda ƙarfe sun ɗora madubin hange. Irin wannan takan rasa kaso mai yawa na darajarta.

Abin takaici shi ne jikan da ya ga bindiga ta yi dauɗa, ya ɗauko sanfefa da fanish da kyakkyawar niyya, ya goge ta fes. Tambarin da ke jikin katako ya tafi ke nan, launin ƙarfe na asali ya tafi, farashi ma ya bi su. Tsumma mai ɗan mai ya wadatar har mai kimantawa ya gani.

Gama-garin Lee-Enfield mai lafiya 'yan ɗaruruwan daloli take yi a kasuwar Amurka. Wadda take kai dubbai ita ce irin No. 4 (T) ta gwanayen harbi, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya gyara, musamman idan madubinta na asali da akwatinta suna tare. Takardar sallama daga soja, hoto ko wasiƙar da ta haɗa bindiga da wani mutum takamaimai, su ma suna ƙara mata nauyi. Labarin baki kuwa, cewa da ita Kaka ya yi yaƙi, sau da yawa ƙarfe yakan ƙaryata shi: sai a ga tambarin ɗan kasuwar da ya shigo da ita ƙasar shekaru da dama bayan an gama yaƙin.

A Kanada da Ostareliya magaji ba ya riƙe ta sai da lasisi. A Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu cin harsashin .303 cikin jerin waɗanda aka haramta. Don haka duk wanda ya tsinci irin wannan a rumbun tsoho ko ƙarƙashin gado, babu zancen ciniki ko kai ta kasuwa a gwada. Ya bar ta inda take, ya kawar da yara daga wurin, ya je ya sanar da 'yan sanda su zo su ɗauka.