Iyakar Awo a Duniyar Ilaktiron



In motar kaya ta taso daga Kambaza ta nufi Gwandu, ba wuya a faɗi inda take a wani lokaci, a kuma faɗi gudun da take yi. Mun saba da haka har muna zaton kowane abu mai motsi haka yake. To, ilaktiron, watau ƙwayar lantarkin nan da ke kewaye da cibiyar atam, ba ta bin wannan ƙa'ida.

A shekarar 1927 wani masani Bajamushe, Werner Heisenberg, yana aiki tare da Niels Bohr a birnin Kopenhagen, ya nuna cewa akwai abubuwa biyu da ba su aunuwa daidai a lokaci guda: wurin da ilaktiron take, da ƙarfin tafiyarta, watau nauyinta a ninka da gudunta. Ga misalinsa. Ba a ganin abu sai an haska shi. Hasken tocila ba ya ture mota, amma ilaktiron don ƙanƙantarta, hasken da zai nuna wurinta sosai shi ne zai bangaje ta, ya sāke mata gudu.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ɗora wa kayan awo laifi. A ganina wannan kuskure ne babba, domin iyakar tana cikin halittar ilaktiron kanta. Tun 1924 Louis de Broglie ya kawo ra'ayin cewa tana da halin igiyar ruwa, gwaji kuwa ya gaskata shi. Ku dubi gulbi. Igiyoyin da suka jeru a tsare, ana iya auna tazarar da ke tsakaninsu, amma ba a ce ga wurinsu guda ba. Fantsama ɗaya kuwa tana da wuri, ba ta da tazara. Ita tazarar nan ce ke faɗin ƙarfin tafiya.

Lissafi ya ce in aka ninka shakkar wuri da shakkar ƙarfin tafiya, sakamakon ba ya kasa adadin Planck a raba da 4π. Adadin ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa direba bai san da shi ba. Amma atam na haidurojin, faɗinsa wajen kashi 1 cikin miliyan 10 na milimita ne. Ilaktiron da aka tsare a wannan ɗan sarari, shakkar gudunta ta kai kimanin kilomita 580 a daƙiƙa. In aka ƙara matse ta, gudun sai ya ƙaru. Abin da ya hana ta faɗawa cikin cibiya ke nan, shi kuma ya ba atam girmansa, har dutse ya yi tauri.