Kayan Aro da Gyara: Abin da Ke Sa Su Daɗe

'Yan'uwa, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, duk wanda ya shiga kasuwar Rano ko ta Kibiya ya ga yadda kuɗin bokiti, tukunya da injin feshi ya tashi. Gidaje da yawa sun koma ga abin da iyayenmu suka saba: a gyara wanda ake da shi, a ari wanda babu.

Gyara ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gyartai yana ɗinke ƙwaryar da ta tsage. Maƙeri yana yi wa fartanya sabon baki, ya sa wa gatari ƙota. Mai liƙi yana narka guntun roba da ƙarfe mai zafi ya toshe hujin bokiti. A Turai ma sun waiwayi wannan hanya: a shekarar 2009 aka fara wani taro a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, inda masu sana'a ke gyara wa maƙwabta kaya kyauta. Mu namu masu gyaran suna nan ranar kasuwa, sai dai mukan wuce su.

Aro shi ne ya fi wuya. Inda Zumuntar Mata ke da manyan tukwane, faranti da kujeru, ba sai an sayi sababbi don biki ko zaman makoki ba. Amma sau nawa tukunya ta dawo ba murfi, aka yi shiru don kunya? Na ga ikilisiyar da mata suka daina ba da aro gaba ɗaya saboda faranti kaɗan da suka ɓata, har gida biyu suka yi wata uku ba gaisuwa. Ba mugunta ba ce ta jawo haka. Babu wanda ya rubuta abin da ya fita.

Saboda haka ku zaɓi mutum ɗaya mai riƙon kaya, da littafi. A rubuta sunan mai aro, yawan kaya da ranar dawowa, a ƙirga su a gabansa. Kowane mai aro ya ajiye ɗan kuɗi a asusun gyara, gwargwadon abin da kuka amince. Idan abu ya lalace, daga nan za a biya mai gyara ba tare da an nuna wa kowa yatsa ba. Wanda ya ɓatar kuwa, ya biya, ko dattijon ikilisiya ne.

Injin feshi yana bukatar kulawa ta musamman. Idan an yi feshin maganin ciyawa da shi, aka mayar ba a wanke ba, mai aro na gaba zai iya ƙona wakensa ko tumatirinsa da ragowar da ke cikin tanki da tiyo. A ɗauraye shi sau uku, a fesa ruwan ta baki, nesa da rijiya da rafi. In da hali, a sami biyu: ɗaya na ciyawa, ɗaya na ƙwari, a yi musu alama da fenti.

Akwai kuma abin da ba a gyarawa, ba a arawa. Jarka ko kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi kada a zuba mata ruwan sha, man gyaɗa ko kunu, komai wankin da aka yi mata. A huda gindinta, a ajiye ta inda yara ba za su kai ba.