Rikicewar Bugun Zuciya da Hanyoyin Maganinta

Zuciyar baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a cikin minti guda idan yana hutawa, kuma bugun yana tafiya a jere, babu tsallake. Abin da ke tsara wannan bugu shi ne wani ɗan ƙarfin lantarki wanda ke tasowa daga ɗakin sama na dama, cikin ɗakuna huɗu da zuciya take da su. Idan lantarkin nan ya kauce hanyarsa, sai bugun ya rikice.

Irin rikicewar da likitoci suka fi gamuwa da ita ita ce wadda ɗakuna biyu na sama suke karkarwa maimakon su matsa sosai. Mai wannan ciwo yakan ji faɗuwar gaba, da haki, da jiri, da kasala. Wani kuwa ba ya jin kome. Abubuwan da ke jawo shi sun haɗa da hawan jini, da tsufa, da ƙiba, da shan giya, da lalacewar ƙofofin zuciya wadda kan biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun ana yara.

Babban haɗarin shi ne, jini yakan kwanta a ɗakin da ke karkarwa har ya yi guda. Idan gudan nan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye. Mai wannan ciwo ya fi wanda ba shi da shi kusantar shanyewar jiki har wajen ninki biyar. Saboda haka duk wanda ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ya ji bugun yana sauri ko yana tsallake, lalle ne ya tafi asibiti a gwada shi da na'urar ECG.

Magungunan ciwon iri uku ne. Na farko suna rage saurin zuciya, kamar atenolol da digoxin. Na biyu suna mai da bugun kan tsarinsa, kamar amiodarone, amma mai shansa sai an riƙa duba masa hanta da huhu. Na uku su ne masu hana jini yin guda, kamar warfarin, wanda tilas mai shansa ya riƙa zuwa awon jini a kai a kai. Asfirin ba ya maye gurbinsu.

Idan magani bai wadatar ba, akwai aikin da ƙwararrun likitocin zuciya ke yi ba tare da an tsaga ƙirji ba. Sukan zura siririyar waya ta jijiyar jini a gindin cinya har ta kai zuciya, sa'an nan su ƙone ɗan wurin da lantarkin ke kaucewa, ko su daskarar da shi. A shekarar 1998 ne likitoci a birnin Bodo na ƙasar Faransa suka nuna cewa galibi rikicin yana tasowa ne daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu, watau nan ne ake killacewa. Aikin yana sauƙaƙa wa mutane da yawa, amma ciwon yakan komo wa waɗansu, har a sake yi.

Kuskuren da ya fi cutar da majiyyata shi ne barin magani da zarar sun ji sauƙi. Lafawar faɗuwar gaba ba ta nuna cewa haɗarin gudan jini ya wuce, kuma ko bayan an yi aiki, da yawa sai sun ci gaba da shan maganinsa. Wajibi ne kada majiyyaci ya daina magani, ko ya haɗa shi da na gargajiya, sai da sanin likita. Idan kuwa aka ga bakin mutum ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta sarƙe, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.