Lasalgaon, Garin Da Ke Yanka Wa Indiya Farashin Albasa

Lasalgaon ba wani babban gari ba ne. A ƙidayar 2011 mutanensa ba su kai 20,000 ba, a ƙasar da ake lissafin mazauna birane da miliyoyi. Yana gundumar Nashik ta jihar Maharashtra, kimanin kilomita 60 daga birnin Nashik. Amma dillalan Delhi da Kolkata sai sun ji yadda albasa ta kwana a nan kafin su yanka nasu farashin, don ana ɗaukar kasuwar garin a matsayin mafi girman kasuwar albasa a nahiyar Asiya.

Layin dogo ne ya fara ɗaga garin. Tun shekarun 1860, zamanin mulkin Ingila, aka shimfiɗa layin Mumbai zuwa Bhusawal ta wannan yanki, ga kuma babbar mahaɗar Manmad nan kusa, inda jiragen arewa da na kudu ke rabuwa. A 1947, shekarar samun 'yancin kai, aka kafa hukumar kasuwar amfanin gona ta garin. Manomi kan kawo kayansa a tirelar tarakta ko akori-kura, a jera motoci, 'yan kasuwa masu lasisi su bi su ɗaya bayan ɗaya ana gwanjo a bainar jama'a, ana taya kowane kilo 100. Shekaru da dama ba a cin kasuwar ranar ɓatan wata, saboda camfin cewa ranar ba ta da sa'a. Sai a 2021 aka karya wannan al'ada.

Sau uku ake cire albasa a shekara. Ta damina, wadda ke shigowa daga Oktoba, da mai bi mata daga Janairu, duk ruwa gare su, ba sa jure ajiya. Ta rani, da ake cirewa a Afrilu da Mayu, ita ake zubawa a rumbunan da iska ke ratsawa, ita ce kuma ke riƙe ƙasar har sabuwa ta fito. Idan ruwan sama ya yi gardama ko ya yi yawa, ta rumbu ta ƙare sabuwa ba ta iso ba, sai farashi ya yi tashin gwauron zabo.

A nan siyasa ke shigowa, domin tukunyar talakan Indiya ba ta ɗoruwa babu albasa. Indira Gandhi ta yi kamfe da tsadarta a zaɓen 1980, a 1998 kuma tsadar na cikin abin da ya kayar da jam'iyyar BJP a Delhi da Rajasthan. Tun daga nan kowace gwamnati ke kaffa-kaffa. An hana fitar da albasa waje a 2019 da 2020. A Agustan 2023 aka ɗora harajin kashi 40 cikin ɗari kan fitar da ita, har 'yan kasuwar Nashik suka dakatar da gwanjo, a Disamba kuma aka sake rufe ƙofa sai Mayun 2024. Masu saye a Bangaladash da Malesiya suka nemi wasu ƙasashe.

A ganina manomi ne ke biyan kuɗin wannan tsoro. In farashi ya hau, gwamnati ta danne shi; in ya faɗi, ba mai rawar jikin ɗago shi. A 2018 wani manomin yankin ya sayar da kilo 750 a kan rupi 1,064, ya tattara kuɗin ya aika wa Firayim Minista Modi don takaici.

Garin ya ɗan samu wata ƙofar. A 2002 cibiyar binciken nukiliya ta Bhabha ta buɗe wurin haska albasa da wani haske mai hana ta tsiro a rumbu. Abin mamaki, mangwaro ne ya fi cin moriyarsa: a nan aka fara haska wanda za a kai Amurka a 2007.